Hoton Waya da Aikin Hannu: Muhawara a Zauren Masu Fasaha na Jos

Sabi'u Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma nan ne wurin yin ta, tunda akwai tela, akwai mai lalle, akwai masu buga kati da marubuta. A da idan mutum ya kawo shadda, zama yake yi a benci mu yi shawara. In dubi tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, in tambaye shi ta biki ce ko ta Juma'a, sannan mu tsaya a kan aiki, aska biyu ko aska takwas, zare mai saje da yadin ko wanda zai fito fili. Yanzu kafin ya gama sallama ya zaro waya: "Irin wannan nake so." Hoton kuwa daga Instagram aka ɗauko shi, an ƙara masa haske har launin shaddar ya tashi daga yadda yake, wanda ya sa kayan kuma jikinsa daban, tsayinsa daban. Idan ka ce wannan wuyan ba zai zauna maka ba, sai ya ɗauka ba ka iya ba ne. Ku tuna filin idi a sallar da ta wuce. Samari daga Gangare har Rikkos wuya iri ɗaya, aljihu iri ɗaya, waɗanda suka yi salla a Kano da Abuja kuma sun ce haka abin yake a can. To ina tambaya, intanet buɗe mana ido ya yi, ko ido ɗaya ya raba mana mu duka?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Malam Sabi'u. Ni dai ba zan zagi intanet ba, don shi ya ba ni sana'a. Mahaifiyata ƙunshi ta iya, na zunguru da dungulmi, daga baya aka zo da na salatif. Zanen fulawa da baƙin lalle a YouTube na koya, ina tsayar da bidiyo ina gwadawa a takarda kafin in taɓa hannun mutum. Zanen Sudan, na Indiya, na Larabawa, kuma babu ƙasar da na taka. Yau amare daga Bukuru da Rayfield suna nemana saboda hoton da suka gani. Wa zai san da ni a lungun Unguwar Rogo in ba don haka ba?

Sabi'u Tela: Allah ya ƙara buɗi Maman Ilham, ba na ja da wannan. Amma zanen da kika fi yi wa amare, kin san wadda ta fara shi?

Maman Ilham: Ban sani ba. Hoto ne yake yawo, kowa ta gani ta ɗauka.

Sabi'u Tela: To nan damuwata take. A sana'armu ana cewa wannan hannun wane ne, wane kuma a wurin wane ya koya. Tsohon da ya koya mini yana hango riga daga nesa zai ce wannan aikin Zariya ne, wancan na Bida ne. Hoton waya ba ya zuwa da sunan kowa, ba ya zuwa da garin kowa.

Nura Mai Buga Kati: Oga Sabi'u, abin da kake faɗa kullum ina ganinsa a shago, sai dai ni a wani wuri nake ganin bakin zaren. Katin bikin da nake bugawa kusan duk baƙi ne da ruwan gwal, da fulawa a kusurwa, saboda abin da ya cika Canva da Pinterest ke nan, shi kuma kwastoma ya gani. Idan wani ya ce yana so katin ya nuna shi ɗan Arewa ne, me ake yi? A manna dagin Arewa a sama, an gama. Dagi a kati, dagi a tambarin kamfani, dagi a fostar siyasa, dagi a ledar kilishi. Ba wai shi kaɗai muke da shi ba. Shi kaɗai ne idan ka bincika za ka samu a gyare, ka sauke nan take ka yi aiki da shi. Zanen bangon gidajen Zariya da Kano, zanen ƙwarya, na tabarma, na jakar fata, na hula, wa ya zauna ya zana su a kwamfuta ya ɗora? Yaron da ya koyi dizayin a waya abin da ya tarar yake ɗauka. Abin da ba a ɗora ba, a wurinsa babu shi.

Ga kuma matsalar haruffa. Yawancin kyawawan salon rubutun da muke saukewa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta sunan amarya ko na unguwa, sai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko ya fito da wani salo daban ya ɓata layin. Sai mai aiki ya cire lanƙwasar don katin ya yi kyau. A haka ake ta cirewa har ido ya saba da rashinta.

Baba Dung: 'Ya'yana, ku ba ni wuri in sa baki. Zane na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma kowace shekara ina kai ɗalibaina gidan tarihi na nan Jos, wanda Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952. Ku san cewa haƙar kuza ce ta tono mana tarihin Nok. A 1928 aka fara cin karo da sassaken yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, sannan a 1943 wani kai da aka samu a yankin Jama'a, wanda har an kafa shi a gona yana korar tsuntsaye, ya isa hannun Fagg, shi kuma ya gane dangantakarsu. Kayan nan sun haura shekara 2,000.

Abin da nake so in faɗa shi ne, idan yaro ya tsaya gaban kan Nok, kafin in ce komai zai fara leƙawa ta gefe yana son ganin ƙeya. Zai ga kitson da aka yi masa, zai ga an huda ƙwayar ido da hanci da baki, sai ya tambaya don me. A nan darasi yake farawa. In gaya masa cikin nan rami ne, da hannu aka ɗora yumɓu zobe a kan zobe, hujin kuma yana barin iska da danshi su fita lokacin da ake gasawa don kada ya fashe. A waya fa? Kan Nok da ɗan kunne da dutsen Shere duk girmansu ɗaya, tafin hannu. Kuma kusan kowane hoto daga gaba aka ɗauka. Yaro ya gani, ya tura sama, ya ce ya san Nok.

Ku ƙarasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke wurin, inda aka gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da wani yanki na ganuwar Kano. Ku shiga da rana tsaka. Sanyin da zai tarbe ku, da yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan, yake ɗauke da rufin ƙasa a saman kanku, da yadda murya take dawowa, duk cikin aikin maginin suke. Ɗaya daga cikinsu ba ya shiga hoto.

Halima Abuja: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarku gaskiya ce ga abin da yake kusa da mu. Amma wanda aka kwashe fa? Kayan tagulla da na hauren giwa da sojojin Ingila suka kwashe daga birnin Benin, na jihar Edo ta yau, a 1897, yawancinsu suna Turai da Amurka. Ni da ba ni da biza, ta ina zan leƙa ƙeyarsu? A Nuwamban 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, aka tara bayanin kaya sama da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, kowanne da hotonsa da wurin da yake ajiye. A Disambar shekarar kuma Jamus ta dawo da wasu, a nan Abuja aka miƙa su. Wanda yake neman a dawo masa da kayansa ai sai ya fara sanin inda suke.

Sannan ga Ladi Kwali. Mu nawa ne muke riƙe naira 20 kullum ba mu san matar da ke bayan takardar ba? A intanet na ga tulunanta, da ƙadangare da kifi da kunama da ta zana a jikinsu. A nan na san cewa a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka a matsayin maginiya a can. Ga garin Kwali nan a gefenmu, amma waya ce ta haɗa ni da ita. Malam Sabi'u ya ce hoto ba ya zuwa da suna. Wannan kam da suna ya zo.

Baba Dung: 'Yata, kin faranta mini rai da kika bi sawunta. Amma ki lura da dalilin da ya sa kika same ta. Tana buga tambarin LK a jikin aikinta, kuma an rubuta labarinta tun tana da rai. Gwaggonta da ta koya mata gini fa, kin ga tukunyarta ko ɗaya? Matan Gbagyi da suka yi ta gina irin waɗannan tuluna kafin ta da bayanta fa? Mai suna ne intanet yake ƙara wa suna. Tunda kina Abuja, ki je Ushafa ta hanyar Bwari ki ga mata suna gini. Ki ga yadda tukunya take zaune maginiya ce take zagaya ta. Idan kin dawo ki sake buɗe hotunan nan, za ki ga abin da ba ki gani ba a da.

Halima Abuja: In sha Allahu zan je, Baba. Amma ku yarda da ni cewa ba don hoton ba, da ban san akwai abin zuwa gani ba.

Baba Dung: Na yarda da wannan. Tsorona wanda zai tsaya a hoton ne, kuma su ne suka fi yawa.

Anti Zainab Marubuciya: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bin maganar, sai yanzu na sauke tukunya. Ku bar ni in kawo ɓangaren karatu, don mu ne intanet ya fi juyawa. A zamanin littattafan da ake bugawa a Kano, mace idan ta rubuta labari sai ta nemi kuɗin bugu, ta nemi namijin da zai kai mata maɗaba'a, ta jira 'yan kasuwa su sayar su ba ta abin da ya samu. Mu a Jos sai littafin ya iso shagon haya, ki biya ki karanta ki mayar, wani lokaci shafin ƙarshe ya yage. Yau ina rubutu a waya bayan na kwantar da yara, in tura shafi a guruf ɗin WhatsApp, kafin asuba mata daga Maraɗi, daga Kumasi, daga Jidda sun karanta har sun yi sharhi. Shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta biya ta shiga guruf na kuɗi. Babu kowa tsakanina da mai karatu. Ga matar aure da ba ta fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma zan faɗi abin da ya yi wa rubutun kansa. Littafin takarda sai an gama shi ake fitarwa. Marubuciya ta san ƙarshensa, tana iya komawa ta gyara farko. Namu kullum ake saki, masu karatu kuma suna tsaye a kanki. Ki kashe wanda suke so, a ranar guruf zai kama da wuta, wasu har kiran waya. Shafi ya ƙare ba a kan tashin hankali ba, gobe da yawa ba za su dawo ba. Shi ya sa za ku ga labari yana ta miƙewa, kishiya ta fita wata ta shigo, hatsarin mota, asibiti, gushewar tunani, duk don kada a watse. Bayanin yadda gari yake, ko yadda tsohuwa take jan magana, ko shirun da ke tsakanin miji da mata bayan faɗa, su ake fara zubarwa, don za a ce "Anti ki daina ja mana rai." Marubuta da yawa da na sani sun fi abin da suke fitarwa iyawa nesa ba kusa ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Ga kuma sata. Mace ɗaya ta biya, ta kwashe ta watsa a wasu guruf. Wani ya haɗa shi dokumen, ya goge sunanki ya sa lambarsa. Wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, ko sallama bai yi miki ba. Waɗanda suka kai littattafansu OkadaBooks suna ganin sun sami ma'ajiya, sai ga shi an rufe manhajar a ƙarshen Nuwamban 2023. Littattafan da na saya na takarda tun ina budurwa suna nan a akwatina.

Malam Isiyaku: Hajiya Zainab, Allah ya saka da alheri. Abin da kike gani daga ɗakin rubutu mu muna ganinsa daga aji. Hausa nake koyarwa a sakandare. Ba zan ce yaran yanzu ba sa karatu ba, idanunsu a kan rubutu suke daga safe har dare. Abin da ya ragu shi ne zama a kan abu ɗaya. Ka ba yaro shafi uku ka ce ya gaya maka me marubucin yake nufi, zai karanta sakin layi na farko da na ƙarshe ya ɗago kai. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A waya kana tsakiyar jimla saƙo zai faɗo, kuma manhajojin nan an gina su ne don yatsa ya yi ta turawa sama, saboda daɗewarka a ciki ita ce kuɗin tallarsu.

Sai ƙa'idar rubutu. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, yawancin abin da Bahaushe yake karantawa a buge ya bi ta hannun edita. Yaro yana koyon inda ake raba kalma da inda ake haɗa ta ba tare da ya san koyo yake yi ba. Yanzu abin da ya fi karantawa babu wanda ya duba shi, yadda ya gani kuma haka yake rubuto mini a jarrabawa.

Anti Zainab Marubuciya: Malam, ka yi haƙuri, littattafan kasuwar Kano wane edita suka gani? Haka aka yi ta kuka da su a shekarun 1990, ana cewa sun ɓata Hausa sun ɓata tarbiyya, amma su suka zaunar wa mata da yawa da karatun boko a cikin ɗaki. Masu kuka da namu yau, da waɗancan suka girma.

Malam Isiyaku: Haka ne, ba na musu. Amma ko mai rauni a cikinsu, mutum yana riƙe shi ya kai ƙarshe kafin ya ɗauki wani. Wannan juriyar nake nema wa yarana.

Anti Zainab Marubuciya: Akwai matan da suke bin labari ɗaya wata da watanni ba su tsallake shafi ba. Juriya tana nan, Malam. Ku dai ba su abin da zai riƙe su.

Malam Isiyaku: Bin labari don a san wa zai auri wa daban, tsayawa a kan magana don a auna ta daban. Na biyun nake nufi.

Auwal Direba: Ni ba mai fasaha ba ne, Nura ne ya sa ni a zauren nan, amma ku ji nawa. Hajiyarmu ba ta yi boko ba, idonta ma ya yi rauni. Ƙanwata tana kunna mata karatun littafi a YouTube, tana saurare tana gyaran wake, kuma ta fi kowa riƙe sunayen mutanen cikin labarin. Ni ma idan na ɗauki hanyar Abuja, daga Hawan Kibo har Akwanga da Keffi shi nake ji. Malam Isiyaku, mu a wane layi za ka sa mu, masu karatu ko marasa karatu? Sai dai Anti Zainab, maganar karantawa ba izini ta tsaya mini a rai. Ta yaya mai saurare zai gane?

Anti Zainab Marubuciya: Ka saurari farkon, Auwal. Mai gaskiya zai faɗi sunan marubuciya ya ce da izininta yake karantawa, mu ma muna sanarwa a guruf wace tasha muka ba. A gaishe mana da Hajiya.

Gwani Sale: Assalamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na ji ana maganar zane da karatu, to mu a wurinmu abu ɗaya ne. Alƙur'anin da muke rubutawa da hannu, da ka ake rubuta shi, da alƙalamin gamba. Baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, ɗorawa ga hamza, kore ga alifin sadarwa. Ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake a cikin gafaka. Inda hizifi ya cika ko aka zo sujada, akwai adon da ake yi a gefe, kowane marubuci da irin nasa. Zayyanar allon sauka kuma aiki ce mai zaman kanta.

Ba na hana Alƙur'anin waya. Matafiyi yana amfana, mara lafiya yana amfana, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma yawancinsa ruwayar Hafsu ce da rubutun gabas, mu kuma da Warshu muka tashi da rubutun da ya zo mana ta Magrib da Barno. A namu fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron da idonsa ya saba da waya, ka miƙa masa warƙar da kakansa ya rubuta, sai ka ga yana tuntuɓe. A gidan tarihin da Malam Dung ya ambata akwai tarin rubuce-rubucen malamanmu na hannu. Idan aka wayi gari jikokinsu ba sa iya karanta hannunsu, ajiyar ta zama ta wa?

Nura Mai Buga Kati: Allah ya gafarta Malam, akwai wani salon rubutun kwamfuta da cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar mai suna Alkalami, an gina shi a kan irin hannun Kano, kuma kyauta ne. Na yi aikin ajami da shi. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu, idan aka zauna aka yi, namu ma yana shiga.

Gwani Sale: Yaron ya nuna mini. An yi ƙoƙari, kuma zai taimaka wa mai koyo. Sai dai kowane nunun cikinsa tamkar ɗan'uwansa yake. Ni kuwa da jelar nunun nake gane hannun malamina a cikin warƙa ɗari.

Abba Ɗalibi: Iyayena ku ba ni dama. Duk wannan maganar ta hoton da mutum ya ɗauka ce. Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zana hoto da kansu. Na ce wa ɗaya ta zana mini gidan Bahaushe na gargajiya, sai ta ba ni wani abu mai kama da ginin Maroko, babu zanko, babu zaure, babu azara. Dalili kuwa daga hotunan da ke intanet take koyo, namu kuma kaɗan ne, waɗanda suke akwai ma ba a rubuta me suke nunawa ba. Abokaina masu dizayin sun fara sa irin waɗannan hotuna a fosta suna cewa al'adarmu ce. Ƙannenmu su za su gani. Don haka ina bayan Yaya Nura, a ɗora namu, da suna da gari da bayani.

Sabi'u Tela: Abba, ka san me yake faruwa idan na ɗora? Wuyan da na ɓata dare ina fitarwa, gobe wani ya ɗauki hoton ya kai wa mai injin kwamfuta, jibi an buga shi a riga hamsin a rabin kuɗina. Har kwastomana zai zo ya nuna mini aikina a waya ya ce in yi masa irinsa amma da farashin inji. Ku da kuke cewa a ɗora, wa zai ciyar da yaran shagona?

Maman Ilham: Ni ina rubuta sunana a tsakiyar hoton, a kan hannun amarya, ba a gefe ba.

Anti Zainab Marubuciya: Suna gogewa, 'yar'uwa. Ni a kowane shafi nake sa sunana, har a tsakiyar zance, kuma suna bi suna cirewa.

Nura Mai Buga Kati: Oga Sabi'u, ko ba ka ɗora ba, ranar da aka sa rigar aka je biki an ɗauke ta hoto. Bambancin kawai, idan kai ka fara ɗorawa da sunanka da kwanan wata, an san daga inda ta fito. Kuma akwai masu neman aikin hannu na gaske a Abuja da Legas, suna da kuɗin biya, ba su san inda kake ba.

Sabi'u Tela: Sabon aiki ba zan ɗora ba sai an sa shi an gama yayinsa, wannan na yanke. Amma tsofaffin rigunan maigidana da ke wurina, waɗanda ba mai yin irinsu yanzu, su kam ban ƙi a ɗauka ba, in dai za a rubuta sunansa.

Baba Dung: Idan za ku ɗauka, ku ɗauki ciki da waje, ku juya rigar a ga bayan ɗinkin, don a nan ake gane hannu daga inji. Ku ajiye abin awo a gefe a san girmanta. Ku bar launin yadda yake.

Halima Abuja: Zan shigo Jos hutun nan, ina da kyamara mai kyau, ni da Yaya Nura za mu iya yi. Allah ya gafarta Malam Gwani, ku fa? Za ku yarda a ɗauki zayyanarku?

Gwani Sale: 'Yata, na yarda da sharaɗi. Zayyanar allo da adon gefen warƙa ku ɗauka. Amma duk inda aya ta fito ba za a yanko ta a sa a kati ko riga ko leda ba, don na taɓa ganin katin biki da rubutun allo a jikinsa an yar a ƙasa bayan walima. Wanda zai taɓa warƙa ya zo da alwala. Kuma a ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan malamina kafin nawa, da garin da ya yi karatu. Ku zo da hantsi, ban da Alhamis da Juma'a.